Yatsan Goggo Tsahara da Hatimin Malam Issa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. Na je gidan suna a Batagarawa, ban ko gama cire takalmi ba aka tare ni da "Zulai 'yar ƙasar waje, ya Nijar?" Na shiga Babbar Kasuwa sayen zare, sai ga wata 'yar ajinmu ta riƙe mani mayafi, wai ba inda za ni sai na ba ta labari. A waya kuwa kada ma a yi magana. To ga shi zan faɗa sau ɗaya. Wadda ta ƙara tambayata bayan wannan, wallahi takardar nan zan miƙa mata in wuce. Kuma don Allah ku daina ce mani 'yar ƙasar waje, tafiyar da ko nisan Kano ba ta kai ba.

Ga waɗanda ba ajinmu ɗaya ba, bari in yi bayani. Mu da muka ɗauki nazarin jinsi, wato karatun yadda jama'a ke raba aiki da iko da dukiya tsakanin mata da maza, dole ne a shekarar ƙarshe kowa ya je wata ƙungiya ya yi mako shida yana sanin makamar aiki, sannan ya rubuto binciken ƙashin kansa a kan abin da ya gani. Yunit shida ke rataye a kan wannan. In babu su babu kammalawa, sai ka ƙara shekara guda cur kana kallon 'yan ajinku sun tafi bautar ƙasa. Ni kuwa Inna, wadda tun rasuwar Baba da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe ni har jami'a, ta riga ta gaya wa duk matan Ƙofar Kaura cewa bana ɗiyarta za ta gama. Har zanen walima ta zaɓa ta ajiye a ƙarƙashin akwati.

Malam Sabi'u, kodinetan kwas ɗin, shi ya raba mana logbuk, littafin da ake rubuta aikin kowane mako. A ƙasan kowane shafi akwai gurbi uku: ra'ayin mai kula da ɗalibi, sa hannunsa, da hatimin ƙungiya. Ya ɗaga littafin sama ya ce, "Ku saurare ni da kyau. Ba hatimi, ba yunit. Ko kuka za ki yi mani da jini."

Ni da nake son yin bincike a kan mata masu sana'ar gyaɗa, sai na bi shi ofis na ce, "Malam, ai a gidanmu ma ana yi. Ba zan iya yi wajen mahaifiyata ba?"

"Tana da rajista?"

"A'a."

"Takarda mai kan ofis fa? Hatimi?"

"Turmi uku gare ta, Malam, da mata huɗu da ke taya ta."

Ya ce in fita in ba shi wuri. Dakta Binta, shugabar sashenmu, ita ta ce ta san wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa a gefen Maraɗi, suna da rajista da komai, kuma binciken tsallaken iyaka zai yi armashi. Ɗoki ya kama ni na ce na yarda. Da na gaya wa Inna, tana tsakiyar juya tunkuza, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wato sai kin tsallaka wata ƙasa kafin ki ga ana matsar gyaɗa? Ga turmi nan gabanki shekara ashirin da uku, ban taɓa ganin kin taɓa shi ba." Na ce mata wannan daban ne, wannan karatu ne. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya.

Motar da na shiga a tasha, mu huɗu aka danna a baya, kayanmu aka ɗaure a sama har motar ta fi kama da rumbu. Kusa da ni wata Hajiya Abu ce, 'yar kasuwa mai kai robobi Maraɗi duk mako, mace mai jiki da baki. Kafin mu kai Jibiya ta san sunan kakata, ta san ba ni da aure, ta kuma zaɓa mani miji cikin 'ya'yan ƙanwarta. Rabin cinyata a ƙarƙashinta ya yi tafiyar, duk ramin da muka faɗa sai ta ce "Sannu ɗiyata," ta ƙara zama.

A bakin iyaka na yi abin kunyata na farko. An ce kowa ya fito da katin shaida da katin allurar rigakafi. Na shaida yana jakar hannuna. Na allurar kuwa, saboda tsabar wayo, na saka shi cikin logbuk don kada ya lanƙwashe, logbuk yana cikin akwati, akwati yana can ƙasan robobin Hajiya Abu a saman mota. Sai da direba ya kwance kayan nan kaf cikin rana, yana kwancewa yana ambaton iyayen duk wanda ya ƙirƙiro boko. Fasinjoji suka sa ni tsakiya. Wani dattijo ya ce, "Wai ita ce mai digirin?" Na zaro katin daga cikin logbuk na miƙa.

A ɗaya ɓangaren, jami'in da ke duba takardu ya karɓi wasiƙar da makaranta ta ba ni. Da Turancin Ingilishi take, shi kuma na Faransa ya karanta. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, sannan ya dube ni ya ce da Hausa tsantsa, "Mi kika zo yi?"

Na gyara tsayuwa na fara zuba mashi bayanin da na haddace a aji. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, "Ke nan kin zo ki gano wa ke daka, wa ke ci? Wannan ai ko ni sai in gaya maki nan take, ki koma gida ki huta." Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, har da Hajiya Abu, maci amana. Daga nan ya ɗauko hatiminsa, ya hura mashi iska, ya buga a takardata da ƙarfin da sai da tebur ya amsa. A raina na ce, alhamdu lillahi, na zo ƙasar da ake girmama hatimi, nawa ba zai yi wuya ba. Kash, Zulai!

Ɗan kabu-kabu, haka suke ce wa ɗan acaɓa, ya sauke ni a ƙofar wani babban gida da ƙamshin soyayyar gyaɗa ke tashi tun daga kan layi. Nan na sadu da Goggo Tsahara, shugabar ƙungiyar. Tsohuwa ce 'yar firit, baƙa, hannuwanta duk tabon ƙuna. Gaisuwarmu ta Katsina da ake cewa ta yi tsawo, wasa ce. Sai da ta tambayi lafiyar Inna, da gajiya, da zafi, da mutanen Katsina ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, sannan ta koma farko. Da ta gama ta ce, "To, ɗiyar Najeriya, kin zo gida. Mu ne Katsinawan asali, ku masu tsaron gida ne muka bari." Na yi dariyar dole, don a gajiye nake.

Masaukina ɗakin ajiyar gyaɗa ne. An ture buhuna gefe an shimfiɗa mani katifa, ɓeraye kuma ba su ji daɗin an rage masu fili ba, sun nuna mani haka tun ranar farko. Duk kayana, har hijabin sallata, cikin kwana biyu sun koma warin gyaɗa. Da safe aka kawo mani shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, mai taurin da sai da ya yanke mani dasashi. Da rana aka kawo fura a kwanon sha, mai kyau kam, ba zan yi mata ƙarya ba. Na shanye na zauna ina jiran abinci. La'asar ta yi. Na daure na ce, "Goggo, abincin rana fa?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai kin sha shi." A gidanmu fura abin sauke abinci ce, can ita ce abincin. Mako guda na yi ina mafarkin shinkafa da wake da yajin Inna.

Kwana biyu da zuwana na fito aiki da shirina: takardar tambayoyi guda arba'in, wadda na kwana uku ina tsarawa Dakta Binta ta duba ta yaba. Mata kusan ashirin a tsakar gida, wasu na suya, wasu na murza gyaɗa suna sheƙe ɓawo, wasu sun dawo daga inji da markaɗe, wasu na kan turmi suna juyawa da ruwan zafi har mai ya taso. Na samu kujera 'yar tsugunne na zauna gaban wata na ce, "Tambaya ta ɗaya. A ganinki, wane ne ke yanke shawara a kan kuɗin shiga a gidanku?" Matar ta dube ni, ta dubi 'yar uwarta, suka fashe da dariya har ɗaya ta saki taɓarya.

Goggo Tsahara ta zo ta zare takardun daga hannuna a hankali. Ta ce, "Ɗiyata, nan ba a tambaya da hannu wofi. Kama taɓarya." Na ce mata ni bincike na zo yi. Ta ce, "To bincika turmin nan." Da yamma na ga tambayoyina arba'in an ƙunshe wa wani mai saye ƙuli-ƙuli a cikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga ɗaki na yi kukan haushi a kan buhun gyaɗa.

Juya tunkuza ba wasa ba ne, ku da kuke ganin mai a kwalba kawai. Kwana uku hannuwana suka yi bororo suka fashe. Na zuba ruwa ya yi yawa, na ɓata turmi guda, man ya ƙi fita. Na ƙona gyaɗa kasko ɗaya, aka sa wa ƙulin ranar suna "na Najeriya". Amma abin da zai ba ku haushi, kamar yadda ya ba ni, shi ne tsohuwar nan ta fi ni gaskiya. Da na daina tambaya na kama aiki, sai magana ta riƙa zuwa da kanta. Ana juyi ana hira, wa mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba, wa ta aurar da ɗiya da sana'ar nan, wa ta haihu aka yi mata aikinta kwana arba'in aka kai mata rabonta har ɗaki.

A bakin turmi Goggo ta gaya mani abin da ya zama zuciyar bincikena. Na lura ko mace ita ta sayo gyaɗarta, ita ta matse, ba ta tafiya da man gida, a nan ake ajiyewa a nan ake sayarwa. Na ce me ya sa? Ta ce, "Da can kowa gidanta take yi. Maigida ya shigo ya ga mai a tulu, ya ce ranta mani, baƙi sun zo. Za ki hana mijinki? Ba ki iyawa. Kwana kaɗan jari ya mutu. Shi ne muka ce, daga yau babu mai mai, na ƙungiya ne. In ya tambaya ki ce, wallahi Malam ba nawa ba ne, na Tsahara ne, je ka tambaye ta." Ta yi murmushi ta ce, "Shekara da shekaru, ko ɗaya bai zo ba. Ba a yi faɗa ba, ba a yi rashin kunya ba, aure na nan, jari na nan." Na karanta littattafai shekara huɗu ban ci karo da dabarar da ta kai wannan ba.

Yanzu ga inda ciwon kan yake. Ranar Juma'ar farko na kawo mata logbuk na nuna mata gurbi uku. Ta ce ita ba ta yi lakkwal ba, wato makarantar boko, amma in rubuta abin da za ta faɗa. Na buɗe biro ina jiran yabo. Ta ce, "Rubuta: ba ta iya komi ba, amma ba ta gudu ba."

"Haba Goggo! Malamaina fa za su karanta."

"To ƙarya kike so in yi masu? Rubuta."

Na rubuta ina cije leɓe. Wajen sa hannu ta miƙo babban yatsanta na goga mata tawadar biro, ta danna. Da yake hannunta ba ya rabuwa da mai, sai yatsan ya fito da wani zagaye na maiƙo kewaye da shi. Na ce saura hatimi. Ta ce, "Wannan sai Malam Issa."

Malam Issa shi ne sakataren ƙungiyar. Lokacin da za su yi rajista an ce sai da wanda ya iya rubutu, duk cikinsu babu, suka ɗauko ɗan ƙanen wata daga cikinsu suka sa sunansa. Tun ranar hatimin ya shiga aljihunsa bai fito ba. Ba mugu ba ne, in ji su, dillalin albasa ne kawai, kuma albasa ba ta zama wuri ɗaya. Makon farko aka ce ya tafi Galmi. Na biyu na hau kabu-kabu har gidansa, matarsa ta ce yanzun nan ya fita, ko shayinsa bai huce ba. Na uku yana Damagaram wajen ta'aziyya. Na huɗu aka ba ni lambarsa, na kira ya fi sau ashirin, da ya ɗauka sai ya ce, "Lahiya lau, gobe in sha Allahu," ya kashe. Goben nan har mako na biyar ba ta zo ba. Ƙungiyar mata zalla, su soya, su juya, su matse, su sayar, amma abin da zai shaida wa duniya suna nan yana yawo a aljihun mai albasa! Na faɗa wa Goggo haka cikin fushi. Ta ce, "Mu hatimi bai taɓa matsa mana mai ba. Ke ce mai bukatarsa."

Gaskiya ta faɗa, ni ce mai bukatarsa, kuma tsoro ya fara shigata sosai. Duk Juma'a ina ƙara yatsa, gurbin hatimi wayam. Na riƙa hango fuskar Malam Sabi'u, da zanen walimar Inna a ƙarƙashin akwati, da matan unguwa suna tambayarta, "Ina digirin?" Na kira wata ƙawata da ke yin nata a wani ofis cikin Katsina, ta ce su tun makon farko aka buga masu shafi shida gaba ɗaya aka ce su je su huta. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Ra'ayin Goggo kuwa yana canzawa a hankali, ba ta gaggawa. Mako na uku ta ce, "Hannunta ya fara jin ruwa." Na huɗu, "Bakinta ya fi hannunta sauri har yanzu." Na biyar, "Ta daina tambaya, ta fara ji." Ranar Juma'ar ƙarshe na juya turmi ni kaɗai daga farko har mai ya kwanta a sama, garau. Ta sa yatsa ta ɗanɗana. Sannan ta ce, "Rubuta: ta iya. In ta dawo, turminta na nan." Na sunkuyar da kai ina rubutawa don kada ta ga idona. Ban taɓa samun makin da ya yi mani daɗi kamar wannan ba, kuma na faɗa ne har zuciyata.

Ranar da zan taho, akwatina a hannu, babu hatimi ko ɗaya, aka ce an ga Malam Issa a tasha yana lodin albasa. Ban san lokacin da na haye kabu-kabu ba. Na same shi bayan wata babbar mota, ɗan gajere mai fara'a, yana ihu da masu dako. Na gaishe shi a gurguje na ce ni ce ɗalibar.

"Wace ɗaliba?"

Mako shida ina ƙungiyarsa! Na yi mashi bayani. Ya ce, "A'a, sannu da ƙoƙari, Zainabu." Na ce Zulai. Ya ce duk ɗaya ne. Ya ɗora littafin a kan buhun albasa, ya laluba aljihu ya fito da hatimin tare da goro da tsinken sakace, ya hura, ya buga: ɗaya, biyu, har shida. Ya yi wani sa hannu mai kama da igiyar da ta warware a gefen kowane yatsa, ya ƙara wata kalmar Faransanci da ya ce ma'anarta aiki ya yi kyau sosai. Ko layi ɗaya bai karanta ba. Duka bai kai minti biyu ba. Ya ba ni albasa uku tsaraba. Na karɓa na yi godiya, don ban san ko in rungume shi ko in jefe shi da su ba.

Dawowa ba wani labari, katin allura yana hannuna tun daga tasha kamar tasbaha.

Ranar Litinin na ajiye logbuk gaban Malam Sabi'u ina taƙama. Ya buɗe, ya ja hanci baya. "Wannan littafi ne ko takardar ƙosai?" Ya duba hatimai ya gyaɗa kai. Sai ya koma shafin farko, inda ake rubuta sunan mai kula da ɗalibi da matakin iliminsa. Ni da hannuna na rubuta: Tsahara, shugabar ƙungiya, shekara arba'in tana matsar mai.

"Mene ne wannan?"

"Ita ta koya mani, Malam. Ga ra'ayinta duk mako, ga yatsanta."

"Yatsa ba sa hannu ba ne a nan, ba zaɓe muke ba. Sunan da ke sama dole ya dace da sa hannun da ke ƙasa, kuma mai kula da ɗalibin jami'a dole ya zama ya yi karatu. Wane ne mai hatimin?"

"Mutumin da ko sunana bai sani ba."

"Sunansa na tambaye ki." Ya turo mani 'yar kwalbar farin fentin goge rubutu.

Na ɗauki littafina na wuce ofishin Dakta Binta kaina na hayaƙi. Matar nan ita ta koya mana, zango guda cur, yadda mata ke yin aiki a rubuta sunan maza. Na yi jarrabawa a kai, na ci. Na buɗe mata shafukan na ce, "Dakta, ga abin da kika koya mana, a cikin littafin sashenki." Ta karanta ra'ayoyin Goggo ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya a na farko, ta ci gaba har na ƙarshe. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Zulai, kin fi ni gaskiya. Amma ba ni na rubuta ƙa'idar ba, kuma jibi kwamitin jarrabawa zai zauna. In na kai wannan haka, za su ajiye shi gefe, ki dawo baɗi. Zan kai maganar gyara, amma ba za a gyara kafin jibi ba. Ki zaɓa. In kin ce a kai shi haka, zan kai, zan kuma tsaya maki iyakar ƙarfina, sai dai ban yi maki alkawarin komai ba."

Ina so in ce maku na buga tebur na ce a kai shi haka. Ban yi ba. Na fita baranda na tsaya na tuna zanen nan na ƙarƙashin akwati, na koma wajen Malam Sabi'u na ɗauki kwalbar. Da hannun nan da Goggo ta koya wa juya turmi na shafe sunanta, na hura ya bushe, na rubuta Malam Issa, sakatare. An ba ni yunit shidana, da maki mafi girma. Na ji kunyar kaina, kuma har yau ina ji.

Da aka zo tantance takardun kammalawa, an ce kowa ya kawo fayil ɗinsa na shekarar farko. Ina zaune a tsakar gida ina tona shi, Inna na gefe tana mulmula ƙuli, sai na ci karo da fom ɗin shiga jami'a. A ƙasa, wajen sa hannun mai ɗaukar nauyin ɗalibi, sunan Kawu Lawal ne, ƙanen Baba, da sa hannunsa mai ƙawa. Kawu Lawal da ko fensir bai taɓa saya mani ba. Sai ranar ta dawo mani tar. Inna ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta goge a zane, ta miƙo yatsa tana murna. Ni kuma, sabuwar 'yar jami'a, na janye takardar na ce, "Bari in kai wa Kawu, Inna, yatsa ba ya kyau a takarda." Babu kodinetan da ya sa ni, babu kwamiti.

Na tashi na ɗauko kundin bincikena da aka ɗinke da baƙin bango, na buɗe shafin sadaukarwa inda na riga na rubuta sunan Goggo Tsahara. Na ƙara na Inna da biro a ƙasa. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ba ni yatsanki."

"Na me? Hannuna duk mai ne."

"Haka nake so."

Ta dube ni, ta dubi fom ɗin Kawu da ke yashe a tabarma. Na ɗauka ba ta san ko wace takarda ce ba. Ta bar ni na goga mata tawadar, amma ba ta danna ba, ta riƙe yatsan a sama.

"Yanzu ya yi kyau a takarda?" ta ce.

Shekara huɗu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta danna shi a hankali, maiƙon ya zagaye shi kamar na Goggo, sannan ta ture mani turmin da ƙafa ta ce ruwan ya tafasa, in juya ta gani ko gaskiya ne abin da Goggo ta sa aka rubuta a kaina, wai na iya.